Goggo Ta Ce In Kawo Ta Lashe

Jama'a, yau tsohon tabarau ya fitar da ni kunya a Riruwai!

Kun san 'yan gilasan nan da nake mannawa a ƙwayar ido, waɗanda likita ya ba ni a Kano. Na je sunan ɗan yayata, sai ido ya hau ƙaiƙayi. Na ciro su, na ɗauko kwalbar ruwan wanke su. Ko ɗigo babu! Ga wahalar mai, ba motar Kano.

Goggo Lami, ƙanwar babanmu, ta miƙo hannu. "Kawo in lashe miki. Duk abin da ya faɗa idon yaran gidan nan, da harshena nake fitar da shi."

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri. Likita ya ce ko ruwan rijiya kada ya taɓa su, balle yawu."

Na rufe su a mazubinsu har sai likita ya duba su, na maƙala tsohon tabarauna mai kauri. Mata suka kwashe da dariya.

Ina ɗaga kai, sai ga kunama tana hawa zanen jariri! Na kaɗe ta da mafici, na take ta da takalmi.

Goggo ta ce, "'Yar nan, ko barci za ki yi, kada ki cire tabarau ɗin nan!"