Tuwon Gayyar da Na Ci a Gude

Shekarun baya, ba su kai goma ba, ina karatun digiri na biyu a fannin tattalin arzikin noma. Na zaɓi in yi bincikena a kan 'yan ƙodagon kaka, mutanen da ke saukowa daga duwatsu idan amfanin gona ya nuna, su yi aiki a gonakin kewayen Mubi, in an gama su koma. Tun ina yarinya a unguwarmu ta Lokuwa nake ganin wucewarsu da sassafe, fartanya a kafaɗa, ƙunshin kaya a ka, kamar tsuntsayen da suka san lokacinsu. Sai in tsaya a ƙofar gida ina tunanin ina suke kwana, wa suka baro. Ni dama haka nake, a aike ni sayen gishiri in tsaya kallon gajimare.

Ranar da malamina ya sa hannu a takardar tambayoyina ya ce, "Kaka ba ta jiran ɗalibi. Sati uku gare ki. In aka gama cirar gyaɗa ba ki samu mutanenki ba, sai baɗi." Baɗi kuwa ba tawa ba ce, don a shekarar wa'adin karatuna zai cika.

Washegari keke napep ya sauke ni a Gude. Na tattare zanina na tsallake wani ɗan mayo, wato rafi, sai na ji waƙa. Na bi ta har wata gona. Mutane sun cika ta, maza na gaba suna tona, mata na biye suna tuge gyaɗa suna kakkaɓe ƙasa, wata na bayarwa sauran na amshi. Na ce a raina, Allah ya tara mini su wuri guda.

Gayya ake yi a gonar wata tsohuwa. Na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin tsamiya. Na zauna na gyara mayafi, na shiga kiran mata ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta ajiye aikinta ta zo ta durƙusa, ni kuma in yi ta jero mata tambayoyi shafi huɗu. Ba wadda ta ƙi. Da rana ta take aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, ga kunun gyaɗa a babbar ƙwarya. Tsohuwar ta ce bismillah. Na ci, na yi ƙari, har na buɗe bayan littafina na rubuta wani baiti a kan yadda waƙarsu ke gangarowa cikin kunya kamar ruwan farko. La'asar na yi na yi sallama, takardu bakwai cike a jakata, ina jin kaina kamar farfesa.

Daga nan kuma sai ƙofa ta rufe. Duk gonar da na je, a amsa gaisuwata da fara'a, da na taɓa zik ɗin jaka kowa ya sunkuya. Wata ta ce yau ba lokaci. Wata ta ce ba ta jin Hausa, alhali yanzun nan na ji ta tana yi wa mijinta faɗa da Hausa tsantsa. A wata gona na ji wani dattijo yana cewa, "Mai tabarma ce ta iso," aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kwana shida ina yawo, ko takarda ɗaya ban ƙara ba, ga gonaki sai yin fili suke.

Ranar ta shida na dawo gida na zube kusa da mahaifiyata tana tsince wake a faifai. A ƙauye ta tashi, amma ban taɓa tunanin in tambaye ta komai kan aikina ba. Ta ce in ba ta labarin tun daga farko.

"Gonar wa ce?"

"Wata tsohuwa, Mama."

"Mutum nawa kika zaunar?"

"Bakwai."

"Tuwon fa, kin ci?"

"Har da ƙari."

Ta ajiye faifan ta yi dariya sai da ta share ido, sannan ta tsuke fuska. "Ke, gayya yini ɗaya ce. Gobe ta wani ce, jibi ta wani. Abin da rana ta faɗi ba a gama ba, ya zama na mai gona ita kaɗai. Kin kwashe wa baiwar Allah hannu goma sha huɗu, kin cinye tuwon masu aiki, kin kaɗa mayafi kin tafi."

"Ai ita ta ce in ci."

"To da cewa za ta yi kar ki ci? Wanda ya sa hannu a akushin gayya, ko kunya ɗaya ce sai ya kama. Duk karatun noman nan naki ba a gaya miki ba?"

Ba a gaya mini ba. Na san sunayen masana da yawa, amma wannan ba ya cikin ko ɗaya daga littattafaina.

Da gari ya waye ta miƙo mini tsohon zaninta, ta zare jakar daga kafaɗata ta rataye a ƙusa. Da na koma Gude na tarar da tsohuwar a kusurwar gonar ta wajen mayo, ita kaɗai. Kunya biyar ce dogaye suka rage, ƙasa ta fara tauri, in ta ja ganye sai ya taho ya bar gyaɗar a ciki. Da yatsa take tono su.

Na ce, "Dada, aiki na zo."

Hausarta irin ta mutanenmu ce, mace da namiji duk "kai" ne. Ta ce, "Kai? Ina takarda naka?"

"Na bar ta a gida."

"To, tabarma ma yana gida." Ta miƙo mini fartanya.

Saran farko na raba gyaɗa biyu gida biyu. Na biyu na kusa raba ɗan yatsana. Ta ce, "'Yata, ba rijiya kake tona ba. Daga gefe, a hankali, kamar kana tashin jinjiri daga barci." Kafin azahar tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, bayana ya ƙi miƙewa. Ban rubuta baiti ko ɗaya ba ranar.

Rana ta biyu mata biyu daga cikin waɗanda na zaunar suka biyo ta wurin za su wata gona. Suka tsaya kallona. Ɗaya ta ce, "Dada, ina ka samo wannan ɗan ƙodago? Ko kyauta aka ba ka?" Tsohuwar ta ce, "Tuwo na ne ya dawo da ƙafa." Suka wuce suna dariya. Amma da yamma, a hanyarsu ta komawa, suka ajiye kayansu suka kama kunya. Rana ta uku su huɗu suka zo, muka gama kafin la'asar.

A cikin kunyar nan aka fara yi mini magana. Wadda ta fi tsokanata ta ce, "Abin da muka gaya maka ran nan, rabi ƙarya ne."

"Don me, Yaya?"

"Ka ce ke mai gona ne ko ɗan ƙodago, zaɓi ɗaya. Na zaɓa don ka sake ni."

Ashe tana da gonarta a kan dutse, inda gyaɗa ke jinkirin nuna. Yau tana gayya, gobe tana ƙodago a gonar wani ɗan kasuwa, bayan sati biyu waɗannan mutanen da take tayawa su ne za su hau dutse su taya ta. Su ke tsara wa za a fara yi wa, kuma ba da girma ko shekaru ba, da wanda ƙasarsa za ta riga bushewa. Takardata gida biyu gare ta, su kuwa rayuwarsu ba ta shiga ko ɗaya.

Tsohuwar ta ce gobe in zo da takardar, amma a kunya zan yi tambaya, in an zauna hutu in rubuta. Haka na bi su gona-gona har kwanakina suka ƙare, na sake tambayoyin da biro a gefen shafi. Da na kai wa malamina ya ɗaga takarda ɗaya da yatsa biyu, ƙasa na zuba, ya ce, "Binciken kika kawo mini ko gonar?" Sai ya fara karantawa, ya daina wasa, ya jawo kujera ya ce in zauna. A shekarar na gama.

Yanzu aikina ke nan. Ina bin sawun 'yan ƙodagon kaka daga nan har wajen Belel, ina rubuta wa masu tsara manufofin noma shawara. Wani lokaci a ji, wani lokaci a sa a durowa. Ban cika damuwa ba, don na ga an gyara abu ɗaya ko biyu, kuma ina son aikin. Abin da ya zauna mini shi ne, lokacin manomi a kaka ba nawa ba ne da zan ɗiba don ina riƙe da biro. In ina son amsa, sai in sunkuyar da bayana a kunya. Kuma mutane ba su ɓoye ilminsu ba, mu ne muke zuwa nemansa a zaune.

Har yau ban iya ba sosai. Ni ce ta ƙarshe a kowace kunya, kuma har yanzu ana kama ni na tsaya kallon duwatsu da ganyen gyaɗa a hannu. Shekaranjiya jikar tsohuwar nan ta bugo mini waya, ina jin muryar tsohuwar daga baya tana cewa, "Gaya masa Asabar ne gayya na. Kar ya ce mini yana da taro."

Ina da taro a Yola ranar Asabar. Na roƙa an ɗaga shi zuwa Litinin.