Zaren da ya riƙe Jirgin Zara

Ranar Asabar ɗin da aka rantsar da shugaban ƙasa na farar hula, ƙarshen watan Mayun 1999, ina 'yar shekara tara, kuma ba ruwana da wani shugaba. Ni damuwata Jirgin Zara. Da wuri na gama wanke-wanke, na jawo wa Mama ruwa a rijiya, na share ƙofar ɗakinmu, na kifa kwandon tsane shinkafa a kaina na ruga ɗakin Baba Ishaya. Duk gidanmu na haya a Unguwar Television shi kaɗai ke da talabijin. Muka cika masa tabarma, mu yaran gidan, kowa da hular kwandonsa. Sai ga fareti. Sojoji na ta dukan ƙasa, manya cikin babbar riga na ta gaisawa. Baba Ishaya, wanda ya tsufa a masaƙa a Kakuri, yana ta share ido da bakin singiletinsa yana cewa, "Ku kalla da kyau, yau aka dawo mana da ƙasarmu." Mu dai jira muke a gama a sa mana shirinmu. Ba a sa ba.

Ga wanda bai sani ba, Jirgin Zara shirin yara ne da wani gidan talabijin ke yi a lokacin, labarin wasu mutane da ke yawo a sararin samaniya suna sauka a duniyoyi daban-daban. Shugabarsu mace ce, Kaftin Asabe, doguwa mai wushirya. Furodusan shirin kuwa, wanda sunansa ke fitowa a ƙarshe da farin rubutu, shi ne Mista Gambo. Ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, amma aikinsa kam mun haddace. Hulunan 'yan jirgi kwanduna ne aka shafa wa fenti. Kowace duniya suka je, duwatsun nan dai ne, sai dai a canja kalar fitila. Kuma yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: in jirgi ya sauka, ba wanda zai taka ƙasar mutane sai Kaftin ta koyi gaisuwarsu ta gaishe su, kuma ba a tashi sai an ci abincinsu. Ko dodo ne mai ido uku, sai an zauna an ci tuwonsa.

Mu ma muna da namu jirgin. Bayan gida, kusa da bishiyar mangwaro, akwai gawar wata tsohuwar bas ta Oga Emeka, makanike a Kakuri, wadda yake cire wa kaya in ya buƙata. Ba taya, ba gilashi, kaji ma har ƙwai suke yi a ƙarƙashin kujerar baya. Ɗansa Chidi, sa'ana kuma babban abokina, shi ne direba tunda bas ɗin babansa ce. Ni ce Kaftin, kuma ba a taɓa musu a kan haka ba, tunda a talabijin ma mace ce. Duniyoyinmu kuwa ɗakunan gidan ne. Gida ne irin na ƙofa na kallon ƙofa, kowane ɗaki da yarensa: ga Bajju, ga Atyap, ga Gbagyi, ga Ibo, ga Malam Sani mai ɗinki da iyalinsa a ɗakin ƙarshe. Chidi zai yi ta ƙugin inji da baki har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya ce mun sauka. Sai mu jera, ni a gaba, in durƙusa a ƙofar da muka zaɓa in yi gaisuwa da yaren ɗakin. In na karkace harshe a yi dariya a gyara mini. Daga nan sai a miƙo abin da ya samu, ƙanzon shinkafa, sauran gote, faten nan na acca, ƙuli-ƙuli, wani lokaci ƙosai mai zafi daga Mama Talatu da ke suya a bakin titi. Takan ce, "Mutanen sama, yau kun makara, mai ya ƙare muku a hanya ne?"

Asabar ta biye shirin ya dawo, amma ba wanda muka sani ba. Sabon kiɗa, jirgi sabo fil yana walƙiya, wuta na fita ta bayansa kamar gaske. A minti na farko aka ce Kaftin Asabe ta yi ritaya, wani ƙato mai bindiga ya zauna a kujerarta, yana magana da Turanci ta hanci. Suna sauka wata duniya, ko sannu babu, aka fara harbi. Da rubutu ya fito a ƙarshe, babu sunan Mista Gambo.

Nan fa musu ya tashi, kuma ba yara kaɗai ba. A wajen rijiya, a layin niƙa, a hanyar makaranta, har bayan coci ranar Lahadi. Wasu na cewa Mista Gambo ne uban shirin, an ci amanarsa. Wasu na cewa ya daɗe yana raina mana hankali, sati guda cur a ƙare a gaisuwa da cin tuwo. Oga Emeka ya ce, "Shi ma ya daɗe a kujera kamar sojoji, gara da ya sauka." Baba Ishaya ya ce masa, "Kai da ba ka iya gyara bas ɗaya ba, kake zagin wanda ya tashi jirgi da kwando." Shi kuwa Chidi hujjarsa ɗaya ce, kuma ta ƙona mini rai don gaskiya ce: tsohon jirgin da zare aka rataye shi, in ka matsa kusa da talabijin kana ganin zaren. "Ke Godiya, ai ke ma kin gan shi," yake ce mini. "Faɗi gaskiya, ba ki gani ba?" Na ce ban gani ba. Ya ce to idona ne ke buƙatar makanike.

Kafin sati ya zagayo aka yi mini juyin mulki, a shekarar da ƙasa ta daina yi. Na zo da kwandona na tarar da Chidi zaune a kujerata, da bindigar karan dawa a cinya. Ya ce yanzu Kaftin namiji ne, in ina so in zama mai dafa abinci. Yaran duk suka bi shi, har ƙanina Bulus, don an ba shi bindiga shi ma. Na cire kwandon na mayar wa Mama kicin. Kujerar ta yi mini zafi, amma abin da ya fi shi ne Chidi, wanda muke raba rake gaɓa-gaɓa, ya wuce ni a hanyar makaranta kamar bai san ni ba. Kwanaki ina zaune a dakali ina tsince wa Mama wake, ina jin "tau! tau!" daga bayan gida.

Sai dai wasan harbi ba ya daɗewa. Kafin ka ce me, kowa ya mutu, sai gardamar wa ya fara harbin wa, ƙananan su fashe da kuka. Don haka Chidi ya yanke shawarar su kai hari wata duniya, kuma cikin duk ɗakunan gidan ya zaɓi na Mama Talatu. Ina kallo suka fito da gudu suna ihu, ita kuma ta fito da robar ƙullun ƙosai za ta bakin titi. Bulus ya bangaje ta. Rabin ƙullun ya kife a ƙasa, kaji suka yi biki. Ta bi su da muciya har bayan rijiya tana cewa, "Da kuna zuwa da gaisuwa, yau da bindiga? To ku ci harsashi." Labari ya zagaya ɗakuna, iyaye mata suka haɗa baki. Daga ranar, ko ƙanzo babu.

Yunwa ce ta kawo mini Chidi. Ya zo ya tsaya a gaban dakali yana zane ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, kwandona a bayansa, ya roƙo shi wajen Mama. Bai ce yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "Ni ban iya gaisuwar Mama Talatu ba." Na ce ai yana da bindiga. Ya ce, "Abeg, Kaftin, mutanenki na jin yunwa." Na sa kwandon. Muka jera zuwa ƙofarta, na durƙusa na gaishe ta da Bajju, su kuma suka durƙusa a bayana, suka ɗauki alkawarin kai mata niƙa har ƙarshen wata. Ta harare mu ta harare mu, sannan ta shiga ta fito da ƙosai a takarda. Muna komawa bas Chidi ya zauna a kujerar direba, bakinsa cike, ya ce, "Amma dai akwai zare."

Yanzu gidan nan an rushe shi an yi shaguna, Mama ta koma Unguwar Boro, sauran mun watse, wasu a Romi, wasu Abuja, Chidi yana Aba da garejinsa. Yaran yanzu kowa da wayarsa a ɗaki, 'yata ma ba ta san sunan maƙwabtanmu ba, balle yarensu, kuma laifina ne kamar na kowa. Satin da ya wuce wani ya turo wani dishi-dishin bidiyo na tsohon shirin a guruf ɗinmu na 'yan gidan, musu ya dawo sabo. Bulus ya ce Mista Gambo gwani ne da bai samu kuɗi ba. Wata ta ce ya ɓata shekarunmu da gaisuwa. Chidi ya ɗauko hoton jirgin, ya zagaye zaren da jan layi ya turo. Na rubuta masa cewa na gani, tun lokacin ma na gani. Ya turo dariya, sannan ya ce Kirsimeti zai kawo 'ya'yansa Kaduna, in koya musu gaisuwa kafin su shiga wajen Mama, kuma a tanadi gote. Na riga na ajiye kwanduna huɗu. Zare ne kam, amma ya ɗauke mu duka.