Kwalin Baba Mai Sirdi

Kowace safiya Baba Mai Sirdi yakan share gaban rumfarsa, ya jera basilla da zare da gwangwanin mai, sannan ya ɗora wani guntun kwali a kan benci. Duk mai neman sirdin keke sai ya fara zama a kan kwalin nan. Baba ya duba gurbi biyun da ƙasusuwan zama suka bari, ya auna da yatsu, kafin a shiga maganar fata ko roba. Shekara arba'in yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin idanunsa sun yi rauni.

Fata ce sana'arsa, amma bai taɓa cusa wa kowa ita ba. Na ji shi yana ce wa wani mai tallar burodi, "Kai da kake barin keke a ruwan sama, ɗauki na roba. Fata ba ta yafe wa malalaci."

Yayana malamin makaranta ne, tafiyar awa guda yake yi a keke zuwa aiki. Wata shekara na sayo masa sirdin roba mai kaurin soso, na kwance tsohon na fata na yar a rumfar Baba. Ya ce, "Ɗana, laushin nan na minti goma ne, yayanka kuwa awa guda yake yi." Na ce masa ya tsufa, zamani ya wuce shi. A gaban mutane na faɗa.

Bayan wata uku Yaya ya fara makara, har aka ba shi takardar gargaɗi ta ƙarshe. Soson ya lotse, gumi yana saɓule masa fatar jiki, amma ya ɓoye don kada a ce ya raina kyautar ƙaninsa. Ban lura ba. Baba ne ya gan shi yana tuƙi a tsaye kan feda, ya tare shi.

"Malam, tsere kake yi, ko sirdin ne yake cizo?"

Ashe tsohon sirdin yana rataye a rumfar, ana shafa masa mai duk mako. Baba ya mayar da shi, fatar kuwa ba ta manta jikin mai ita ba. Yaya ya tambaya, "To, me zan gaya wa ƙanina?" Baba ya ce, "Ka ce ni na ƙwace, ya zo mu yi rigima." Daga baya Yaya ya ba ni labarin duka, amma kunya ta hana ni zuwa. Yaya bai sake makara ba har ya yi ritaya.

Baba, kai ne ka ceci aikin yayana, ka kuma rufa mini asiri a ranar da ban cancanta ba. Shekara goma sha ɗaya ina sauya hanya don kada in bi ta gaban rumfarka. Na gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu sana'a, ku koya daga gare shi: ku duba yadda mutum yake zama kafin ku zaɓa masa abin zama.

Gobe da safe zan zo rigimar nan, Baba. Na makara, kuma ba ni da hujja.