Baba Eulogio, Direban da Ya Kai Mu Kallon Besbol

Duk Lahadin da ƙungiyarmu ke da wasa a Santiago, da hantsi za ka tarar da Baba Eulogio a bakin kasuwar Constanza, garinmu da ke kan dutse, yana goge gilashin bas ɗinsa, kofin kofi na kan bonet. Ya ƙwanƙwasa tayoyi, ya leƙa birki, sannan ya gyara zaman shuɗiyar hularsa. Hular kuwa ta ƙungiyar babban birni ce, abokan hamayyarmu. Mu duka rawaya muke sawa.

"Baba, yau ma da tsumman nan a kanka?" haka muke gaishe shi.

"Ku shiga, 'yan kuka," yake cewa. "Na tanadar muku hankici na dawowa."

Tun ina saurayi yake saukar da mu daga dutsen nan, ga shi har na yi furfura. Mun yi masa ihu a kunne ranar nasara, mun ƙi yi masa magana ranar da 'yan wasansa suka lallasa mu. Bai taɓa barin kowa a tasha ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta Inna Fela, mai sayar da soyayyar ayaba a unguwarmu. Jikanta Wilkin, wanda ta raina tun yana goye, aka ce shi zai yi wa ƙungiyarmu jifan ƙwallo a karon farko. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa, 'ya'yanta suka ce ta haƙura ta ji a rediyo. Baba Eulogio ya karkata bas har ƙofar gidanta.

"Inna, ɗauro ɗankwali. Yaron nan zai ɗaga kai ya neme ki."

A filin wasa matakala ce ta tare mu. Bai yi shawara da kowa ba, ya durƙusa, ya goya ta, ya hau da ita yana haki. Kuma da ƙungiyar Baba muke karawa a ranar. Da yaron ya fitar da babban mai bugunsu, jifa uku sanda ba ta taɓa ƙwallo ba, na waiwaya na ga Baba tsaye yana ihu har muryarsa ta dushe, Inna Fela na riƙe da hannun rigarsa tana hawaye.

"Baba, ka sauya sheƙa ke nan?" na tambaye shi.

"Rufe min baki. Yaron garinmu ne."

Bana ido ya fara yi masa hazo. Babu wanda ya ce ya ajiye, shi da kansa ya miƙa makulli, ya ce ba zai yi caca da rayukanmu a kan dutse ba.

Baba Eulogio, kai ne ka sha tsiyarmu shekara da shekaru, ka mayar da mu gidajenmu lafiya. Uban tafiya, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya idon.

Ku kuma matasan direbobi, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin magana. Wanda ya gaje shi ya riga ya je, ya tambaye shi sirrin hanyar. Baba ya ce, "Ranar da aka ci ƙungiyarsu, fasinjojin nan za su zage ka tun daga Santiago. Ka bar su. Kai dai kada ka shiga kwanar Casabito da fushi."