Irin Dawar Inna Mero a Tsohuwar Tasha

Tana yarinya, Mero ta san tashar jirgin ƙasan garinsu kamar tsakar gidansu. Nan take tallan dafaffiyar gyaɗa, tana bin tagogi da gudu, ana ciniki jirgi na tafiya. Da aka yi mata aure wani ƙauye can bayan Tafoki, jirgin ya fara wasa da mutane, yau ya zo gobe babu, har ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Awaki suka gaje dandamalin, jemagu suka gaje rufin.

Sai da ta tsufa, mijinta Malam Sha'ibu ya rasu, 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, sannan ta dawo. Iyalan da suka gudo suka rarraba tashar da labulen buhu. Ita aka sauke ta a ɗakin sayar da tikiti, inda a da ko leƙawa ta yi sai an daka mata tsawa.

Ranar gudu kowa ya sunkuci abin da hannunsa ya kai, wani tukunya, wani katifa. Inna Mero kuwa ƙullin zangarniyar dawa ta ɗauko, wadda marigayin ya zaɓa a gona tun kafin girbi, ya rataye saman murhu don hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Irin gidansu ne tun kakanni, ba a saye, ba a sayarwa. Shi kuma iri in ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake yi.

Wata safiya jikoki suka tashi babu abin karyawa. Hussaina, matar ɗanta, ta durƙusa.

"Inna, ki bari a sussuke a dama ma yaran ga kunu."

"In mun sha shi, mi za mu shuka?"

"Ina gonar take, Inna?"

Maganar ta yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta miƙa dawar, ta rage wa kanta cikin tafi ɗaya.

Ruwan shuka na sauka ta bi layin dogo da ɗan sungumi, tana ture tsakuwa tsakanin ƙarafan, tana jefa ƙwaya tana takewa da diddige. Samari masu zaman kashe wando suka samu abin yi.

"Inna, in jirgi ya taho hwa?"

"Shi jira girbi."

Ƙasar ba ta noma ba ce. Wasu ba su tsiro ba, wasu awaki suka kwashe duk da tsaron da ta yi da sanda a rana. 'Yan kaɗan suka fid da kai, su ma ƙanana.

Bayan kaka maza suka yi shawarar komawa ƙauye su gwada sa'a. Ta kira Malam Gide, maƙwabcinsu na can, ta miƙa masa 'yar zangarniyar da ta girba a ƙulle cikin ɗankwalinta.

"Ke ba ki komawa, Inna?"

Ta dubi ƙafafunta da suka kumbura.

"Ka shuka ta a jigawa, ba ta son fadama. In ta yi, ka ba kowa. Ka ce masu irin gidan Malam Sha'ibu ne."

Ta raka shi har ƙarshen dandamali. Da ta dawo ɗaki ta saki labule, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da suka baro gida.