Aron da na ba Sista Ladi

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar ƙawata Sista Ladi, kuma ban yi niyyar rubuta komai a kanta ba. Jikata Zainab ce ta tono min ita. Ta zo hutu daga jami'a, muna tsintar wake a tsakar gida, take ba ni labarin gardamar da suke yi a aji. Wai a asibitocin da ake haɗa ciki a kwalba akan sami ragowar 'yan tayi na 'yan kwanaki, masu bincike kuma na son a ba su, su ciri ƙwayoyin halittarsu don neman maganin cututtuka irin su sikila. Da zarar an cira kuwa, ɗan tayin ba zai rayu ba. Ta ce, "To tsohuwa, ke me kika gani?" Na ce ta ji da wakenta. Na ci gaba da tsintar nawa.

Iyayen Ladi Yarabawa ne Kirista, masu sayar da atamfa a kasuwar Funtua. A nan aka haife ta ran Lahadi, sunan ya bi ta. Tare muka yi firamare. Ta zama ungozomar asibiti, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Malumfashi, ni ma aure ya kai ni can. Allah ya yi mata kaifin baki, ba ta iya lallashi ba ko kaɗan, in ta ce miki sannu sai ki ɗauka faɗa take yi.

A ƙarshen shekarun saba'in, lokacin cirar auduga, na yi ɓarin cikin wata uku, cikina na fari. Da hantsi aka kai ni wurinta. Abin ya fito gaba ɗaya cikin jakarsa, bai wuce tsawon ɗan yatsana ba, amma ga kai, ga 'yan hannuwa. Surukata Inna tana waje riƙe da farin ƙyalle, domin a gidanmu ko mabiyiya ba a yar da ita, rami ake tona mata a bayan ɗaki.

Ladi ta tura ƙofa, ta durƙusa a gaban gadon. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa kowa ba. Ta ce, "Rabi, zan roƙe ki abin da ba a roƙo. Ki bar min shi."

Ta ce tana tara ungozomomin ƙauye tana koya musu aiki. Mace za ta yi ɓari a gida, wani abu ya rage a ciki, tsofaffin su ce ai ya fita duka, sai jini da zazzaɓi su tafi da ita. Ta zana musu a allo har ta gaji, sun ce su ba su ga komai ba sai alli. So take ta sa shi a kwalba da ruwan magani su ga cikakken ɓari da idonsu, duk ran da suka ga wanda bai cika ba su ɗauko mace a guje. "Daminar nan wata 'yar garin Tsiga ta cika a kan gadon nan da kike kwance," in ji ta.

Wallahi ji na yi kamar in mare ta. Ko jinina bai gama tsayawa ba.

Ashe Inna na ji. Ta banko ƙofa tana salati. "Jikan nawa za a jiƙa kamar tsamiya? Sista, ba kya tsoron Allah?" Maigidana Malam Sani ya ruga wurin liman, ya dawo da cewa cikin da bai kai wata huɗu ba ba a busa masa rai ba, babu wanka babu salla, amma a naɗe shi a binne. Ladi ta kama farkon maganar, Inna ta kama ƙarshenta, kowacce ta ce liman da ita yake. Malam Sani kuwa ya tsaya yana murza hula, can ya ce, "Rabi, ke kika ɗauke shi." Duk suka zuba min ido.

Na dubi ƙyallen, na dubi gadon da nake kai. Na ce, "Aro ne, Ladi, ba kyauta ba. Ran da kika gama ki dawo min da abina." Inna ta ninke ƙyallenta ta fice. Har Inna ta koma ga Allah, Ladi ba ta sake taka gidanmu ba, ni ma ban taɓa jin kalmar yafiya daga bakin Inna ba. Abin ya ci ni shekaru. Sauran 'ya'yana a asibitin nan na haife su, kuma duk zuwan da zan yi sai na tarar Ladi ta lulluɓe kwalbar da mayafinta.

Da Ladi tana raye, me za ta ce wa Zainab? Na san bakinta zai riga ta, ta ce a ba masu binciken, yara na kuka da ciwon ƙashi ana tsaye ana surutu. Amma za ta tambaya ko an durƙusa an roƙi iyayen, da inda ake kai abin da ya rage. Kuma akwai inda nake jin ita ma sai ta sake tunani. Nawa ya riga ya tafi kafin a roƙe ni. Nasu kuwa, in an dasa shi a mahaifa, ƙila ya zama mutum. Yanzu da na tsufa ba na ganin Inna jahila ce, kuma ba na ganin Ladi marar imani ce.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka yi mata canjin wurin aiki. Sai ga ta da la'asar a bayan babur, rungume da kwando. Ta ce, "Ga aronki." Na shiga ɗaki na ɗauko ƙyallen Inna, wanda na tarar a ƙasan adakarta bayan rasuwarta, a ninke yadda ta ninke shi ran nan. Malam Sani ya tona rami a gindin lallen bayan ɗaki.

Muna naɗe shi na ce, "Ko suna bai samu ba, bawan Allah." Ladi ta ce, "Wa ya ce miki? Tsofaffin nan Malam suke ce masa. In sun zo sai sun gaishe shi kafin su gaishe ni." Sannan ta fashe da kuka, ni ce ma na koma ba ta haƙuri.

Abin da ya rage min nata ke nan: ta roƙa da gwiwa a ƙasa, kuma ta dawo da shi. Zainab dai har yau ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Amma ran da za ta koma makaranta na ja hannunta zuwa gindin lallen, na ce, "Kafin ki je ki ci gaba da gardamarki, gai da kawunki."