Fiton Karen Ruwa

Likita ya ce in riƙa tafiya da safe saboda hawan jini, shi ya sa nake bin bakin kogin nan na Soundview tare da jikata ranar da babu makaranta. Rannan muna tafe sai wani ƙarni ya tare ni, ƙarnin kifi gauraye da ɗoyi. Na duba ƙasa. A kan wani faffaɗan dutse ga ɓawon ƙaguwa a tattaune, ga kashi cike da ƙayar kifi. Na tsaya cak. Na san mai wannan aiki, ko da yake ban taɓa zaton zan iske shi a nan Bronx, cikin Amurka ba.

Bari in ba ka labarin a jere, kamar yadda aka ba ni.

A bakin babban kogi aka haife ni. Kakana masunci ne, kakata kuma ita ke banda kifi, har tufafinmu warin hayaƙi suke. Akwai karnukan ruwa a gaɓar da ke ƙasa da gidanmu. Mukan hango su da hantsi suna sulmiyowa daga tudun laka, su faɗa ruwa, su sake hawa, kamar yara. Sukan yaga taru. In sun kama babban kifi, daga wutsiya suke farawa, su bar kan a kan dutse yana kallon sama.

Kakana yana da dokoki uku a kan karen ruwa. Na farko, ba a ce masa kare a bakin ruwa, sai dai maƙwabci. Na biyu, kifin farko nasa ne, a ajiye masa a dutse. Na uku, in ya yi fito, kada ka amsa.

Na taɓa tambayarsa dalilin na ukun. Yana ɗinkin taru, bai ɗago ba. Ya ce, "Uwar ce ke yin fiton. 'Ya'yanta tsoron ruwa suke, ba a haife su da iyo ba. Da fito take kiransu. Wanda ya amsa, ta kama wuyansa ta ja shi ciki. Ba ta ƙirga, ba ta duba fuska."

Ina da ƙanwa wadda ta iya fito fiye da kowane namiji a unguwar. Kakata ta sha dukan bakinta a kan haka, tana cewa fito kiran aljanu ne, amma yarinyar ba ta daina ba. Wata damina kogi ya cika ya yi ja. Da rana tsaka aka aike ta wanke ƙwarya. Mata masu wanki sun ce sun ji fito daga cikin ciyawa, siriri, sai suka ji an amsa daga gaɓa. Aka sake yi, aka sake amsawa. Daga nan shiru.

An samu ƙwaryar a kife a kan dutsen, a wanke tas. A gefenta kan kifi ne, jininsa bai bushe ba. Maza suka ce santsi ne, kuma wataƙila santsin ne, domin laka ce wurin. Kakana kuwa, har ya rasu, kifi biyu yake ajiyewa a dutsen, ba ɗaya ba.

Ina tsaye ina wannan tunani, jikata ta ja mini riga. Tana jin Hausa sarai, sai dai da Turanci take mayarwa. Ta tambaye ni me nake kallo. Bakina ya suɓuce, na ce karen ruwa ne.

"Kare? A ina?" Ta yi tsalle ta hau dutsen, ta tsuke baki, ta yi fito yadda mutanen nan suke kiran karnukansu a filin wasa.

Ban san ina da sauran irin wannan sauri ba. Na damƙe hannunta na fizgo ta har ta yi ƙara.

"Kaka, ka ji mini ciwo!"

"Amarya, rufe bakinki," na ce. "Saurara."

Motoci na wucewa a kan gada. Ruwan yana kwance, kore, da gwangwani a kansa. Can cikin ciyawa wani abu ya yi fito, siriri, sau ɗaya. Ta ce tsuntsu ne. Na ce to, mu tafi.

A bas na gaya mata dokokin a jere, har da labarin ƙanwata. Ta ce ai can ƙauye ne, nan Amurka ce. Na ce ruwan bai san haka ba. Don ta lallashe ni ta buɗe waya ta nuna mini karnukan ruwa na teku, manya, suna kwance rigingine a kan ruwa, ɗaya riƙe da hannun ɗaya don kada igiyar ruwa ta raba su suna barci. Ta ce dubi yadda suke da kyau.

Na duba sosai. Su da aka haifa a cikinsa ma ba su yarda da shi ba.

Yau ba ni da taru, ba ni da kwalekwale, kifi a shago nake saya a daskare. Duk da haka ranar Asabar nakan ajiye guda a kan dutsen nan kafin mu wuce. Jikata tana dariya, amma ba ta sake fito a wurin ba, kuma hannunta yana cikin nawa har sai mun hau titi.